Hanyar da Ba Ta Cikin Taswira

Barci ya sace Malam Nomau a kan bencin ofishin tsara gari, jim kaɗan bayan sallar azahar, takardunsa na kan cinyarsa. Tun hantsi yake zaune yana jiran a kira shi. Abin da ya kawo shi kuwa neman izini ne na mayar da gonarsa ta gado wurin shaƙatawa a lokacin rani. Da zarar an kwashe amfanin gona, sai ya kewaye ta da kwanon rufi, ya kafa rumfunan biki da lilon yara da fagen kokawa, kafin ruwan farko kuma ya kwashe komai a yi shuka.

Layi ɗaya ne a takardar ya hana zuciyarsa sakewa. An tambaya ko akwai hanyar jama'a ko ta dabbobi da ta ratsa filin, shi kuma ya rubuta "Babu". Taswirar ma ta goyi bayansa, domin mai awo ya zo ne da tsakiyar damina, lokacin da dawa ta fi mutum tsawo. Amma Nomau ya sani sarai, idan rani ya yi kududdufin Tungar Goje ya ƙafe, ta tsakiyar gonarsa mutanen ƙauyen ke ratsawa zuwa rijiyar da ba ta ƙafewa. In ya rufe, sai sun zagaya ta bakin titi, tafiyar sa'a guda. Tsoronsa kada ya faɗi gaskiya a hana shi izini.

Da safen nan ma ya gamu da Tabawa, ƙanwar kakarsa, a kan hanyar, tana ɗauke da 'yar jarkarta.

"Maigidan," ta ce, tana tsokanarsa irin ta kaka da jika, "an ce za ka kawo mana makaɗa har ƙofar gida. A ajiye min kujerar gaba, in ba haka ba ka ba ni takardata."

"Ke da ba ki da haƙoran cin tsire, me za ki yi da kujerar gaba?"

Suka yi dariya, ta wuce. Bai gaya mata zancen kwano ba.

Cikin barcin nan sai ya gan shi tsaye a ƙofar wani birni mai faɗi, rana tsaka, ko inuwar tsuntsu babu. Ga wani dattijo a bakin ƙofar da igiyar guga a kafaɗarsa, igiyar jiƙe tana ɗiga.

"Sannu da zuwa, ɗana. Zo mu shiga."

"Baba, ina ne nan?"

"Nan ne ake sake auna duk abin da aka auna a duniya. Ka buɗe idonka, abin da ba ka gane ba ka tambaya."

Suka fara iske wasu mutane, kowa da dutse a kansa, wuyansu ya lanƙwashe. In mutum ya sauke nasa ya daidaita shi a ƙasa, sai dutsen ya mirgina taku ɗaya, dole ya sake ɗauka.

"Baba, su wane ne waɗannan?"

"Masu matsar da dutsen iyaka ne. Taku ɗaya suke ci a gonar maƙwabci kowace damina, suna cewa ai taku ɗaya ba komai ba ne. Yanzu suna neman inda dutsen yake tun asali, sun kuwa manta."

Gaba kaɗan sai ga wata doguwar baranda, mutane cikin manyan riguna sun jeru a benci suna fuskantar ƙofa a rufe. Can ƙofar ta ɗan buɗe, duk suka miƙe da sauri, sai wata murya ta ce, "Ku dawo gobe." Suka koma suka zauna.

"Ma'aikata ne da suka danne takardun jama'a," in ji dattijon, "ba su ce e ba, ba su ce a'a ba, har mai nema ya gaji ko ya mutu."

Nomau ya tuna zamansa tun hantsi, har ya fara murmushi. "Waɗannan kam, Baba, na san irinsu."

Dattijon ya dube shi a natse. "Kada ka yi murna, ɗana. Ba don ka ƙirga laifin wasu aka kawo ka ba."

Suka ratsa wani fili da aka shafe da siminti daga wannan gefe zuwa wancan. Hadari ya haɗu a sama, mutane na sara da diga, irin shuka na ɗaure a bakin zanensu. Duk inda suka fasa, kafin su jefa ƙwaya ya haɗe. Dattijon ya ce waɗannan su ne suka nemi izinin rumfa ta ɗan lokaci, suka yi alkawarin kwashewa kafin damina, da aka juya baya sai suka zuba kankare, gonar ta mutu. A gefen filin kuma wani dagaci ne ke tafiya ba takalmi, hatimi ya manne a tafin hannunsa. Shi an ɗora masa ya zagaye da ƙafa duk filin da ya buga wa hatimi bai je ya gani ba, kuma filayen suna da yawa.

Daga nan ƙishirwa ta fara kama Nomau. Suka shiga wata unguwa wadda duk katangunta na kwano ne, zafin rana na tashi daga jikinsu. Ana jin ƙarar guga na faɗawa cikin ruwa a bayan kwanon, kusa ƙwarai, har da sanyin danshi. Mutane na bin jikin katangar da busassun leɓɓa, suna lalube da hannu ko za su sami ƙofa. Su kai kusurwa, sai katangar ta ƙara miƙewa.

Muryar Nomau ta yi ƙasa. "Baba, su fa?"

"Waɗanda suka toshe wa mutane hanyar ruwa ne. Kowannensu zai yi zagayen da ya sa wasu suka yi, na tsofaffi da na masu ciki da na dabbobi, ba a rage masa taku ɗaya."

A ƙarshen unguwar akwai wani fegi da ba kowa. An jingine sababbin kwanoni a jikin turaku, ga guduma da ƙusoshi a ƙasa, ba a buga ko ɗaya ba.

"Wannan na wane ne?"

"Mai shi bai iso ba tukuna. Matsa ka karanta."

Nomau ya matsa. A jikin kowane kwano an rubuta "Babu", kuma rubutun hannunsa ne, har da yadda yake jan wutsiyar harafin ƙarshe.

"Baba, ai ban zo da taswirar ƙarya ba. Mai awo ne ya zana, ni ban sa shi ya goge komai ba."

"Mai awo baƙo ne, abin da ya gani ya zana. Kai kuwa a kan hanyar nan ka koyi tafiya, kana riƙe da zanen mahaifiyarka."

"In na faɗi gaskiya za su hana ni. Matasa goma sha biyu na sa ran aiki a wurin nan."

"Wataƙila su hana ka. Ban zo in yi maka alkawarin izini ba. Amma zo, akwai sauran abin da ba ka gani ba."

Ya kama hannunsa suka bi ta wani lungu, sai iska mai sanyi ta buso. Suka fito wata unguwa mai yalwar itatuwa, ruwa na gudu a gefen hanya. Abin da ya ba Nomau mamaki, a nan ma akwai rumfuna, akwai lilo, ana jin dariya. Dattijon ya nuna masa wata mata a inuwa, ya ce filin biki ta yi a duniya shekara ashirin, kowace shekara kuma tana kwashe rumfunanta kafin a yi shuka. Ya nuna masa wani ma'aikaci da ba ya sa hannu sai ya taka ya gani, ba ya kuma barin takardar mutum ta kwana biyu a teburinsa ba dalili.

"Ashe ba wasan ne laifi ba?" in ji Nomau.

"Wa ya ce maka laifi ne? Wanda ya yi noma wata biyar ai ya cancanci ya huta ya yi dariya."

Can ƙarƙashin wata babbar kanya sai ya hango marigayi mahaifinsa zaune a kan tabarma, fuskarsa fes, kamar bai taɓa ciwo ba. Mutane sun yi layi har inda ido ba ya kaiwa, mata da maza da makiyaya, kowa ya zo sai ya zuba ludayin ruwa a gindin itacen ya wuce.

"Duk wanda ya ratsa gonarsa zuwa rijiya ne," in ji dattijon. "Shekara arba'in yana barin hanyar. Har yau ruwan na zuwa masa, muddin ana bi."

Mahaifin ya ɗago kai, ya yi murmushi. "Nomau, na ji za ka yi wa mutanenmu wurin wasa. Madalla, Allah ya sa albarka. To, Tabawa ta ina za ta bi?"

Nomau ya waiwaya sai ya ga ƙarshen layin, wanda ɗazu ba ya ganuwa, ya fara matsowa kusa. Dattijon ya dafa kafaɗarsa da jiƙaƙƙen hannu.

"Ƙusa ba ta shiga ba tukuna, ɗana. Koma."

"Malam Nomau na Tungar Goje!"

Ya zabura ya farka, gumi ya jiƙa masa riga, maƙogwaronsa a bushe. Malama Lantana ce, jami'ar da ke karɓar takardu, tsaye a bakin ƙofa.

"Ka yi haƙuri, Malam, mun tsayar da kai. Lafiya kuwa? Ko in sa a kawo maka ruwa?"

"A kawo, don Allah. Ki kuma ara min biro."

Ya zauna a gaban teburinta. Ya ja layi a kan "Babu", ya rubuta "Akwai". Sannan ya buɗe taswirar, ya zana hanyar daga bakin ƙauye har rijiya, ya yi mata bayani tiryan-tiryan, har da abin da ya sa ya ɓoye.

Ta daɗe tana duban zanen. "Ka san wannan zai ja lokaci? Sai mun je mun duba kafin kwamiti ya zauna, ba lalle ka samu bukukuwan farkon rani ba. In ma an amince, filin biyu za a raba shi, a bar hanya a tsakiya, mai faɗin da shanu za su wuce."

"A raba. Rumfuna gabas, kokawa yamma. Masu zuwa rijiya su sha kallo kyauta."

Malama Lantana ta yi 'yar dariya, ta jawo kalanda. "To, ranar Laraba za mu zo. Wa zai nuna mana iyakar hanyar? Muna son wanda ya san ta tun da."

Nomau ya shanye ruwan da aka kawo masa, ya ajiye kofin a hankali.

"Akwai wata matata, tsohuwa, Tabawa. Ba wanda ya kai ta sanin hanyar nan. Ni zan zo mata da kujera, ta ce ta gaba take so."