Fitilar Hagu

Karo na uku ke nan a mako guda da Mati rewaya, mai gyaran wayar mota, ya zura kai ƙarƙashin sitiyarin Fijon Malam Babaji. Ya duba fis, ya kankare kan batir, ya bi waya ɗaya bayan ɗaya har zuwa ƙwan fitila. Bai ga komai ba.

Katanga ɗaya ta raba gidajensu a Ƙofar Ƙaura. Malam Babaji jami'in duba motoci ne, shekara ashirin yana wannan aiki. A wannan zamanin da kowa ya sayi mota, direbobi na tsoron bironsa, don ba ya sa hannu sai ya gwada birki, ya shafa taya, ya ga kowace fitila ta kama. Yanzu kuma shi ne ke cewa fitilarsa ta hagu na mutuwa.

Rana tsaka ce, don haka Mati ya tura motar cikin rumfar kwano, ya ja ƙyaure, ya kunna. Haske biyu suka bayyana a jikin bango, farare tas.

"Ka gani ko?" in ji Malam Babaji a hankali. "Ta hagun ta mutu."

Mati ya ɗaga hannu ta gefen hagun dattijon, ya kaɗa. Idon bai ko motsa ba.

"Malam, ba daga mota ba ne."

Kwano na ta ƙara saboda zafi. Mati ya roƙe shi su wuce asibiti. Malam Babaji ya ce akwai abin da ya fi wannan gaggawa: jiya ya sa wa wata babbar mota hannu, mai ɗaukar fasinja zuwa Jibiya, kuma yanzu bai tabbatar da abin da ya gani a jikinta ba.

Mati ne ya tuƙa. Suka tarar da motar a tasha, mata na hawa da ƙullin kaya. Malam Babaji ya tsaya a bayanta, ya sa direban ya taka birki, ya tambayi Mati me ya gani. Wutar birkin hagu ba ta kama ba, siginar ma haka, wayar ta ƙone har ta naɗe da tiyon man birki. Direban ya yi ta magiya. Dattijon ya miƙa hannu kawai, har aka sa masa takardar da ya sa wa hannu jiya a tafinsa, ya ninke ta ya sa aljihu. Sai da ya ji fasinjan ƙarshe ya sauka sannan ya yarda ya koma mota.

Sun kusa kwanar asibiti, ana kiran la'asar, ya jingina kai.

"Mati, wa ya rufe ƙyauren kuma?"

"Ba wanda ya rufe, Malam."

"To. Tahi a hankali."

Ya yi salati sau biyu. A ƙofar asibiti wani ma'aikacin jinya ya leƙo ta taga, ya taɓa wuyansa, ya girgiza kai, ya ce rai ya yi halinsa.

Mati ya juyo da shi gida. Ya tsaya a ƙofar zaure, ya kashe injin, hannunsa na kan sitiyari. Daga cikin gida yana jin Dije, matar Malam, tana daka, tana yi wa akuya tsawa ta bar mata tsaba.