Kamun Malama Nazifa

Tun jiya cikin Sadatu bai motsa ba, shi ya sa mijinta Arzika ya jingine homarsa ta kamun kifi a Argungu, ya kawo ta asibiti a Birnin Kebbi. Masunci ne da ya yarda da hannunsa fiye da kowace na'ura, don haka ƙunƙuni yake ta yi har aka kira su ɗakin hoton ciki.

Mai ɗaukar hoton, Malama Nazifa, ta shafa wa Sadatu wani mai a ciki, ta ɗora kan na'urar. Allon ya kawo toka-toka, sak gulbi da damina.

"Mi za a gani cikin wannan gurɓataccen ruwa?" in ji Arzika.

Sai idonsa ya koma kan hannun Malama Nazifa. Ba ta gaggawa. Takan matsa kaɗan ta tsaya, ta karkata, ta sake komawa baya. Haka shi ma yake lalube idan giwan ruwa ya lafe a ƙarƙashin ciyawa. Ƙunƙunin ya mutu a bakinsa.

"Ga shi nan," ta ce, ta nuna wani ɗigo yana bugawa. "Zuciyarsa ke nan. Lafiya lau yake, barci yake yi."

Sadatu ta rufe fuska da gyale tana hamdala. Arzika ya daɗe yana kallon allon.

"Malama," ya ce a hankali, "tun ina yaro nake cikin ruwa, duk abin da na kama sai ya yi fizge-fizge. Ke kin kamo mini ɗana, ko farkawa bai yi ba."