Nono a Kan Gilashi

Muhyiddeen ya kawo sabuwar mota ƙofar gidana ranar Laraba da hantsi, ya ajiye ta gefen tsohuwar.

Shi ne ɗana na biyu, yana aiki a Sakkwato. Ya ce dillalin abokinsa ne, ya yarda in riƙe ta kwana uku. In ta yi mini, a ɗauke tsohuwar a bar wannan. In ba ta yi ba, a mayar masa da kayansa.

Ƙarama ce, fara, ƙofa huɗu, ko ledar kujerun ba a cire ba. Na zagaya ta sau ɗaya.

Na ce, "Buhun albasa nawa take ɗauka?"

"Baba, shekara shida ke nan da ka bar dakon albasa."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Tsohuwar shekararta ashirin da tara a hannuna. Ta yi dakon wake da albasa daga Amarawa zuwa Illela, ta ƙetara Ƙwanni sau ba adadi. Salansarta ta faɗi tun da daɗewa, ban sake sa wata ba. Gilasan ƙofofinta ba sa tashi. Birkinta sai an taka sau uku kafin ya kama. In na tayar da ita, 'yan canji da ke bakin tasha sukan ɗaga hannu suna dariya, su ce ga jirgin Alhaji Halliru ya taso. Ban taɓa jin haushi ba. Jirgin ne ya gina gidan da Muhyiddeen ya girma a ciki.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Idona na hagu ya yi yana shekara biyu da suka wuce. Abin da ke wannan gefen sai dai inuwa. Na dama ma ya fara. Da kunne nake tuƙi, da kuma sanin hanya. Gilashi a buɗe, ina jin babur kafin ya iso ni, ina jin kukan jaki, ina jin yara. Su ma suna ji na tun daga nesa, su kauce. Haka muke zaune da mutanen garin, ba su ma san muna zaune haka ba.

Na ga yadda aka yi da sa'o'ina da idonsu ya tafi. A shimfiɗa wa mutum tabarma a zaure, a ba shi rediyo, a ja shi da sanda zuwa masallaci. Wannan nake tsoro. Shi ya sa na yi shiru.

Muhyiddeen ya zaunar da ni a sabuwar, ya nuna mini kanta. Babu kulochi. Abin takawa biyu ne kawai, totur da birki, birkin kuwa mai faɗi. Ya ce, "Ƙafar hagu ka naɗe ta, Baba, ba ta da aiki nan." Ya danna wani maɓalli. Na zauna ina jira ta tashi.

Ya ce, "Ai ta tashi."

Ban ji komai ba.

Washegari Alhamis matata Ramatu ta ce za ta Tozai gaida ƙanwarta da ba ta da lafiya. Ni ma ina da shanu uku a rugar Jalo, wani Bafulatani abokina da ke zaune kafin a shiga garin. Na ɗauki makullin sabuwar. Ramatu ta tsaya ta dube ni.

"Alhaji, ka bari Muhyiddeen ya kai mu mana."

"Ni na koya mishi tuƙi. Shiga."

Ta shiga gaba, tana bisimilla a bayyane.

Tun a cikin gari na san ba daidai nake ba. Gilasai a rufe, sanyi yana fitowa, waje ya yi tsit kamar an toshe mini kunne da auduga. Na nemi abin murza gilashi, babu. Maɓallan da ke jikin ƙofa suna gefen hagu, ba na ganinsu, kuma ba zan tambayi mace ba. Wani ɗan kabu-kabu a kan babur ya wuce ta hagu, sai da ya sha gabana na gan shi. Na biyu ma haka. A bakin tasha ba wanda ya ɗaga hannu. Wani mai tura ruwa yana tafiya a tsakiyar hanya, na bi shi a baya har tsawon gida uku, bai san da ni ba. Tafin hannuna ya jiƙe duk da sanyin.

Ramatu ta ce, "Gumi kake."

"Rigar ce mai kauri."

Da muka bar kwalta muka hau hanyar ƙasa, na ce a raina yanzu sai sauƙi. Hanyar nan na san raminta ɗaya bayan ɗaya, sitiyarin tsohuwar yakan gaya mini inda nake. Wannan kuwa ta haɗiye ramukan. Ban san inda muka kai ba. Damina ce, gero ya fi mutum tsawo dama da hagu, hanyar ta zama lungu. Na dubi allon gabana, lambobin sun haɗe. Ban san gudun da nake ba.

Kusa da rugar Jalo akwai burtali da ya ratsa hanya, ta nan shanu da matan ruga suke fitowa. Na san yana nan. Na ɗauka da saura.

Ramatu ta ƙwalla ƙara, "Mace! Alhaji, mace!"

Ban ga kowa ba. Ƙafata ta hagu ta tashi da kanta neman kulochi, yadda ta saba shekara arba'in, na taka da duk ƙarfina. Birki ta samu. Motar ta kafe, ƙirjina ya bugi sitiyari, wani abu ya daki gabanta, sai gilashin duka ya yi fari.

Fari fat. Na ce shi ke nan, ido na biyu ya tafi.

Na zauna. Farin yana gangarowa a hankali, da guntun fura a ciki. Nono ne. Ramatu tana salati ba tsayawa. Na nemi hannun ƙofa na kasa samu, sai da ta miƙo hannu ta buɗe mini.

Matar tana kwance a gefen tayar hagu, ƙwarya ta fashe gida uku. Na durƙusa don in ga fuskar. Kubra ce, surukar Jalo. A bayanta da goyo.

Goyon bai motsa ba.

Ban san tsawon lokacin ba. Ramatu ta kwance zanen goyon, ta ɗago yarinyar, ta hura mata fuska, ta girgiza ta. Ni ina durƙushe da hannu a cikin nono, ina kallon ƙafar yarinyar mai ɗan murjani a idon sawu. Na yi ƙoƙarin karanta abin da na sani, bakina ya ƙi. Can ta ja numfashi ta tsala kuka. Da uwar ta ji, ta yunƙura ta zauna, ta miƙa hannu ɗaya. Ɗayan ya ƙi ɗaguwa.

Jalo ya fito daga cikin gero da gudu, sanda a hannu, tsoho sa'ana. Ya duba jikarsa, ya duba surukarsa, sannan ya dube ni, ya dubi motar.

"Alhaji? Kai ne? Ina jirgin?"

Ya sake duban motar.

"Wallahi ba mu ji ka ba. Ko shanu ba su ɗaga kai ba."

Kubra tana haki ta ce, "Baffa, na saurara. Kullum sai na saurara kamin in fito. Ban ji komi ba."

Gaskiyarta. Mace mai ƙwarya cike a ka ba ta waiwaye, nono zai zube. In gero ya yi tsawo, sai ta tsaya a bakin burtali ta kasa kunne. In shiru, ta ƙetare. Shekara da shekaru ta nan nake wucewa, ba a taɓa yin shiru ina kan hanya ba.

Ramatu ce ta kira Muhyiddeen a waya. Ya zo a kan kabu-kabu, ya goge gilashin da hularsa, ya kwashe mu duka zuwa asibiti. Ni a baya na zauna. Hannun Kubra targaɗe ne, aka ɗaure. Yarinyar ba abin da ya same ta sai ƙurjewa a goshi. Jalo ya ce tsautsayi ne, kada in sa a rai. Na gode masa. Ban iya cin abinci ba ranar. Duk inda na juya farin nan nake gani.

Ranar Juma'a da rana ta ɗaga Muhyiddeen ya same ni a tsakar gida. Ramatu tana tsintar shinkafa a bakin ɗakinta.

Na ce, "Mayar ma dillalin da motarshi."

"Baba, birkinta ne ya ceci yarinyar nan. Da tsohuwar ce, kamin ka taka na uku ka bi ta kansu."

"Da tsohuwar ce, ba ta fito ba. Ta ji ni."

"In kurma ne fa? In yaro ne ya biyo akuya?"

Na riga na yi wannan tunanin tun jiya, ya kuma hana ni sakat. Amma na tuna tabarma da rediyo da sanda.

Na ce, "Na gama magana. Tawa ta ishe ni."

Na tashi na nufi zaure. Makullin tsohuwar a ƙusa yake rataye, bayan ƙyaure, tun ranar da na saye ta. Na shafa ƙusar. Babu. Na shafa ƙasa da ƙafa. Na dawo.

"Wa ya taɓa makullina?"

Ramatu ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni."

Na gan shi, ƙulle a bakin mayafinta.

"Mi kike nufi?"

"Alhaji, tun bara waccan nake ajiye maka shayi ta hannun dama. Buta ma ta dama. In na shigo ɗaki ta hagu sai na yi tari don kada ka firgita. Ka ɗauka mura ce ta shekara biyu?"

Muhyiddeen ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, "Baba, idonka ne?"

"Ba da kai nake ba."

Ramatu ta ajiye farantin. Ta ce, "Kullum ka fita sai in zauna ina sauraren ƙarar motar nan har ta ɓace, in yi ta addu'a har ta dawo. Na yi shiru don girmanka. Jiya ni na ɗaga ɗiyar mutane ba ta numfashi. Ni na hura mata. A kai ka Sakkwato a duba idon, in an ce kana gani, ni da kaina zan kawo maka."

"In an ce ba na gani fa?"

Ta sunkuyar da kai kan shinkafarta. Ladan ya kusa kiran farko, kuma ban taɓa zuwa masallacin Juma'a a ƙasa ba. Na miƙa hannu.

"Ramatu, ba ni makullina."

Ta damƙe bakin mayafin cikin tafinta.

"Ba zan ba ka ba."