Ranar da Na Wanke wa Bishop Gida

Shekara goma sha ɗaya ina aiki a gidan Rabaran Threlkeld da ke bakin teku, ko kofi ban taɓa fasawa ba. Amma saura ƙiris in kashe Bishop.

Bishop wani abin teku ne ja, kamar yankan hanta, maƙale da dutse cikin tulun gilashi. In ya ga dama sai ya buɗe kamar fure. Ƙiba da rashin motsi suka ja masa sunan babban limamin coci. Uwar ɗakina Madam Lavinia, mai zura takalmin maza ta bi duwatsu tana tsince-tsince, littafi guda ta rubuta wa yara a kansa. Abin da ba ta rubuta ba, 'yarta Mabel ce ta tsinto shi, wata guda kafin zazzaɓi ya ɗauke ta. Tun daga nan ba mai ambaton sunanta a gidan.

Ran da Madam ta tafi birnin York wajen masu buga littafi, na ga ruwan tulun ya yi kore shar. Ni kuwa ba na shiri da ƙazanta. Na zubar, na cika da ruwan rijiya garau. Kafin tsakar rana Bishop ya tsuke, ya koɗe.

Jabez masunci ya kawo kifi, ya leƙa. "Keziah, ɗan teku kika ba ruwan shayi? Wannan tsabtar taki sai ta yi kisa!"

"Rufe min baki, miƙo bokiti!"

Da shekaruna hamsin na tattare siket na faɗa teku har gwiwa. Na yi ta tsiyaya ruwan daga buta zuwa buta don ya sha iska, yadda Madam ke yi. Kwana biyu Bishop ko motsi, ni kuma abinci ya ƙi shiga.

Da Madam ta dawo na faɗa mata gaskiya, ina jiran kora. Ko hula ba ta cire ba, ta soki ɗan naman kifi da tsinke ta miƙa masa. Shiru. Can sai ga wani siririn yatsa ya leƙo daga jikinsa, sai na biyu, sai ya buɗe gaba ɗaya. Don daɗi na zube a kujera.

"Kwantar da hankalinki, Keziah," in ji Madam. "Mabel ma ta taɓa zuba masa madara, wai ya rame."

Ta yi dariya har da hawaye. Shekara shida ke nan rabon da in ji sunan a bakinta.