Babu Iri Biyu

Ina tsakar gida na baje kayan cikin wata fanka a kan tabarma, ina neman inda wayarta ta ƙone, sai ga Auta ta shigo daga makaranta tana kuka. Jakarta na jan ƙasa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Baba, Tsintau babu."

"Babu kamar yaya?"

"Malama ce ta faɗa. Ta ce babu shi." Ta ja majina. "Yaushe ya mutu? Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Uwarta da ke wanki a bakin famfo ta fara dariya, ta dubi fuskar yarinyar, ta haɗiye sauran.

Gidanmu na haya ne, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, tankin ruwa a kusurwa. A bayan tankin akwai wani rami a jikin bango, inda bulo ya gutsure, hannun yaro kaɗai ke shiga. Tsohon telan da ɗakinsa ke jikin namu, wanda duk yaran gidan ke kira Kaka, shi ya ce musu akwai wani ɗan taliki a ciki, tsawonsa bai fi babban yatsa ba, kunnuwansa sun fi shi girma, sunansa Tsintau. In ka yar da abu, sai ka durƙusa a bakin ramin ka faɗa masa a hankali. Da safe ka leƙa.

Kuma ana samu. Fensir, ɗankunne, tayar motar wasa, murfin gora. Mu manya mun san tela ba ya iya zama shiru, kafin kowa ya fito ya gama share tsakar gida, idonsa a ƙasa kamar kaza. Idon da ba ya ganin kafar allura, amma ba ya wuce maɓalli a cikin shara. Kafar allurar kuwa Auta ce ke zura masa zare, shi ya sa yake kiranta uwar ɗakina.

To, tela ya kwanta. Ƙirji ne, an kai shi asibiti an dawo da shi da leda cike da magani da kuma irin kallon da likita ke yi wa 'yan'uwan majiyyaci a bakin ƙofa. 'Yarsa ta baro gidan mijinta ta zo jinya. Tun da ya kwanta ramin ya zama wayam. Ana gobe zai kwanta Auta ta yar da jan maɓallin rigarta, ta je ta durƙusa ta faɗa, ta leƙa, ta sake leƙawa, ba komai. Saboda haka da Malama ta ce babu shi, maganar ta zo daidai da abin da yarinyar ke tsoro. A wurinta babu ɗaya ce, wadda ta ji an faɗa ranar da mai kanti na bakin layi ya rasu.

"Baba, ina aka binne shi?"

Na riƙe sukundireba ina juya ta a hannu. Ni ban yi karatu mai nisa ba, abin da na sani a tsofaffin littattafan bakin titi na tsince shi, kuma ya bar mini wata cuta. Matata kan ce ko ruwa aka miƙo mini, sai na tambayi ƙishirwa hujjarta kafin in sha. In na ce ya mutu, na yi ƙarya. In na ce bai mutu ba, na yi wata. In na faɗi gaskiya, na tona asirin mutumin da ke tari a bayan bangon nan.

"Je ki cire kayan makaranta tukuna," na ce.

"Ka ji malamin gidanmu," in ji uwarta, tana matse zane. "An yi tambaya, ya ba da amsa."

Washegari Auta ta kai tambayarta inda ake amsawa. Ta dawo ba hawaye ko ɗigo, bakinta a tsuke. Ta ajiye jaka a hankali kamar babba.

"Ba mutuwa ya yi ba. Dama can babu shi. Malama ta ce wani babba ne yake sa kayan." Ta dubi labulen ɗakin tela. "Kaka maƙaryaci ne."

"Ke, kama bakinki," uwarta ta ce. "Sa'anki ne?"

"Ai ke kika ce mai ƙarya ba a zama kusa da shi."

Daga ranar ta daina bi ta ƙofarsa. In za ta famfo sai ta zagaya ta bayan igiyar shanya. Shi kuwa duk wanda ya ɗaga labule, kafin ya gaishe shi zai ce, "Ina uwar ɗakina? Ko ta sallame ni daga aiki ne?" 'Yarsa ta ce masa makaranta, ta ce masa mura, har dalilai suka ƙare mata. Ta tare ni a bakin tanki.

"Maƙwabci, don Allah ka turo masa yarinyar nan. Ba ya cin abinci, sunanta kawai yake kira."

Uwar Auta ta so ta ɗauke ta cak ta dire a gabansa. Na hana. Me zai yi da yarinyar da aka jawo tana turjewa? Amma da na hana, sai nauyin ya dawo kaina, na kasa zama. Na kwance fankar nan na ɗaure, na sake kwancewa. Na fita layi na dawo ba tare da na sayi komai ba. A ƙarshe na sa riga na nufi makarantar, ina haɗa maganganu masu zafi a hanya.

Na samu Malama bayan an tashi, tana goge allo, alli har gwiwar hannu. Yarinya ce, ba ta kai ƙanwata ba.

"Malama, me ya yi zafi? Ɗan wasa ne tsakanin tsoho da yara. Da kin bar su, da kansu za su gane, kamar yadda haƙori ke faɗuwa in lokacinsa ya yi."

Ta ajiye tsumman, ta ja mini ɗan benci da gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata a kansa.

"Baban Auta, 'yarka ta cika ajin nan da labarin Tsintau. Ban ce komai ba, ni ma ina jin daɗinsa. Akwai wani yaro a can layin baya, babansa ya fita da jaka tun bara bai dawo ba. Ya samu wani rami a katangar makaranta. Kullum in an fita shan iska ba ya wasa, yana can a durƙushe yana roƙon a tsinto masa babansa." Ta kakkaɓe hannu. "Rannan ya ɗaga hannu a gaban kowa ya ce, Malama, da gaske akwai shi? Kai da me za ka ce?"

Na gyara zama a kan ɗan bencin, ita kuwa ta ci gaba.

"Ni nake gaya musu akwai ƙwayoyin cuta a hannunsu, ba sa gani, su wanke. Sun yarda don ni na faɗa. In na ce musu wannan ma akwai, ran da suka gano, wanne za su ajiye, wanne za su zubar?"

"Mutumin da ya ƙirƙiro shi yana kwance, Malama. Ba a sa ran zai tashi. Yarinyar ta ƙi shiga wurinsa."

Ta sa hannu a baki. "Ban sani ba." Ta ɗauki tsumman ta ninke shi. "Da na sani, da na kira yaron gefe. Amma amsar dai ita zan ba shi."

Na dawo gida da maganganuna masu zafi ba ko ɗaya da na yi amfani da ita. Na wuce ɗakin tela kai tsaye. Keken ɗinkinsa na lulluɓe da tsohon zane, almakashi a rataye a ƙusa, ɗakin na warin man zafi. Ya rame har agogonsa ya zame zuwa tsakiyar hannu. Na gaya masa komai, don na gaji da riƙewa.

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari, 'yarsa ta tallafo shi.

"Malamar nan ta kore ni daga aiki ke nan. Allah ya yi mata albarka, ta yi gaskiya." Ya nuna wani gwangwani a ƙarƙashin keken. "Miƙo mini."

Ya tona cikin allurai da guntayen alli, ya fito da jan maɓalli.

"Ranar da na faɗi na tsince shi, ban kai ga ramin ba. Ka sa mata."

"Kaka, ta riga ta sani."

"Ka sa dai. Kai matsalarka tunani. In an ba ka wando ka ɗinka, sai mai shi ya tsufa tsirara."

Maɓallin nan ya zauna a aljihuna kamar garwashi. Na je bayan tanki na tsaya, na dawo. In na sa, na ce wa yarinya malamarta ce maƙaryaciya, na sake ɗaure ta da igiyar da ta kwance da kuka. In ban sa ba, na hana mai mutuwa abu ɗaya da ya roƙe ni. Na tambayi matata, ta ce, "Ni dai ko ta rami ko ta taga, yarinyar nan ta shiga ɗakin nan kafin a yi abin kunya."

Da yamma na samu Auta a bakin ƙofarmu tana zane a ƙasa da tsinke. Na tsuguna, na buɗe mata tafin hannuna.

"Kaka ne ya tsinta. Ya ce in sa miki a rami. Na ga gara in ba ki hannu da hannu."

Ta ɗauka, ta juya shi, ta leƙa ta hujinsa. Sai ta miƙe ta tafi, ba ta bayan igiyar shanya ba. Ta ɗaga labulen, ta tsaya a dokin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje. Na bi ta na tsaya a bayanta.

"A'a, uwar ɗakina. Na ɗauka kin samu sabon tela."

"Kaka, kai ne Tsintau?"

Ya lumshe ido ɗaya. "Ni? Ni ai yaronsa ne, jaka nake riƙe masa."

"Ka gani, ka sake." Ta janye ƙafarta waje. "Ka sake yi."

Ta saki labulen a fuskata ta ruga ɗakinmu, na tare shi da hannu. Tsohon ya bi inda ta tsaya da kallo, murmushin ya sauka daga fuskarsa a hankali.

"Bakin nan nawa," ya ce. Ya yi numfashi, ya sake yi. "Ka ce mata ni ne. Ba yaro, ba maigida. Ni kaɗai ne."

Na je in faɗa mata, na tarar ta kifa kai a cinyar uwarta, ta toshe kunnuwa da yatsu. Uwar ta yi mini alama da ido in bari ta huce.

Washegari da hantsi, yara na makaranta, ina jin ƙarar cokali a kofi daga ɗakin tela, sai ƙarar ta tsaya. 'Yarsa ta fito, kofin na hannunta har yanzu. Kafin a tashi daga makaranta an riga an kai shi makwancinsa.

Auta ta shigo ta ga tabarmi a tsakar gida, takalman baƙi a bakin ƙofa, mata a zazzaune. 'Yar tela ta jawo ta jikinta.

"Uwar ɗakinsa, Kakanki babu."

Yarinyar ta zame daga hannunta, ta ratsa mutane ta zo inda nake. Ta kama gefen rigata ta ja, sai da na sunkuyo.

"Baba, wace babun? Ta Malama, ko ɗayar?"

Wannan karon ban juya komai a hannu ba.

"Ɗayar. Ta wanda ya kasance, aka san shi, sannan ya tafi." Na riƙe kafaɗarta. "Jiya bayan kin fita ya ba ni saƙo. Ya ce in gaya miki shi ne. Ba yaronsa ba ne, shi ne da kansa."

Ta juya ta kalli tanki. Ina ganin lissafin na tafiya a goshinta.

"To ashe mutuwar ya yi," ta ce. "Tun farko na faɗa muku."

Sannan ta yi kukan, irin na ranar farko, da ƙarfi, har matan suka taso.

Da aka watse, 'yar tela ta fara haɗa kayan ɗakin. Wani ya zo ya duba keken ɗinkin, ya taka shi, ya ce zai dawo. Gwangwanin allurai ta miƙa wa Auta. Tsakar gida ta fara tara shara, kowa na jiran wani ya ɗauki tsintsiya.

Wata safiya na je ɗiban ruwa, bokiti na cika, idona ya kai bayan tanki. Na ajiye bokitin na durƙusa. A cikin ramin akwai allura guda a kwance, an zura mata jan zare, an ƙulla bakinsa yadda tela ke so. Zaren ya yi tsawo, jelarsa ta leƙo waje ta sauko jikin bango, iska na ɗan kaɗa ta.