Sha Biyu ga Shawwal

Ni na jawo, ba wani ba. Ni da wannan bakin nawa mai saurin cewa to.

Mijina Mabkut yana da jirgin ruwa na katako mai ɗaki huɗu a nan garinmu Hasik, bakin teku. Shi ke tuƙi, ni ke tsara tafiya. Ma'aurata su zo, ya kai su tsibiran Hallaniyat kwana uku, a gasa musu kifi a bakin ruwa, ni kuma in turara musu zanin gado da lubban tun kafin su hau. Babban aikina ɗaga waya da rubuta rana.

Da sanyin bara Surayya ta kira ni daga Nizwa. Shekara shida da suka wuce a jirginmu suka ci amarci, ita da mijinta Hamud.

"Yaya Muzna, ranarmu muke so. Sha biyu ga Shawwal, kamar wancan karon."

"Haba, ai kun samu! Ku dai zo," na ce, ɗaya hannun yana juya miya. Na tuna ranar sarai, teku kwance kamar ruwan randa. Na rubuta a bango, ban duba komai ba.

Wai ni Muzna, 'yar masunta, in manta cewa watan Musulunci kwana goma sha ɗaya yake ja baya kowace shekara! Shawwal ɗin da ya zo da sanyi wancan karon, bana ya faɗo cikin harif, damina mai iskar da ko masunta janye jiragensu suke yi tudu. Sai cikin azumi na lura. Daga gaban kalanda na wuce wurin Mabkut.

"Baban Nasra, bari in kira su in ba su haƙuri."

"Kin ce musu to?"

"Na ce, amma ai..."

"Maganarki maganata ce. A gidanmu ba a yi wa baƙo alkawari a koma a lashe."

"Teku ya san wani alkawari ne? Mutum sai taurin kai kamar jakin dutse!"

"Harif ya kusa fita," ya ce. "Da safe iska takan kwanta."

Ranar da suka iso, maza na shan gahawa da dabino, na ja Surayya kicin. Na yi niyyar tsoratar da ita ta fasa da kanta. Ban ko buɗe baki ba ta riƙe mini hannu.

"Yaya, idon Hamud tafiya yake yi. Likita ya ce da wuya ya kai baɗi yana gani. Abu ɗaya ya roƙa, ya sake ganin tsibirin nan a ranarmu."

To, me zan ce? Na haɗiye maganata, na zuba mata shayi.

Da hantsi suka tashi. Na hau duwatsun bakin gaɓa na tsaya. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Igiyar ruwa ta ɗaga jirgin har in ga cikinsa, sai ta sake shi ya ɓace, in yi ta salati har ya sake ɓullowa. Baba Suhail, tsohon masunci, ya dogaro sanda ya tsaya kusa da ni.

"Wane mahaukaci ne wancan?"

"Mijina ne, Baba."

Ya girgiza kai, ya juya ya tafi.

Azahar ta wuce. Na kira waya ta ƙi shiga, na yi sallah a kan dutsen ban san raka'a nawa na yi ba. Ina ta ce wa Allah ni ce mai laifi, kada ya kama Mabkut da sakacina.

Da la'asar jirgin ya dawo a karkace, katakon gefensa a ɓalle. Na ruga har ina faɗuwa. Surayya ta fito tana kuka, Hamud kuwa a jiƙe sharkaf, amma fuskarsa sai murna.

"Na gan shi, Yaya Muzna! Daga nesa ne, amma na gan shi!"

Mabkut ne ƙarshen saukowa, hannunsa na dama naɗe cikin rawaninsa, rawanin ya yi jawur. Ashe ruwa ne ya kwashe Hamud zai wurga shi waje, Mabkut ya cafke shi da hagu, ya naɗe igiya a dama don kada su tafi tare. Igiyar ta tafi da yatsu biyu.

Na durƙusa a yashi ina kuka kamar yarinya.

"Tashi mana, mutane na kallo," ya ce a hankali. "Ai maganarki ta cika."

Bai taɓa goranta mini ba, ko sau ɗaya. Yanzu kalanda biyu ne a bangonmu, na wata da na rana. Duk ƙarshen wata shi ke juya su, da yatsu uku, ina kallo.