Ramin Da Bai Wuce Gwiwa Ba

Tsohuwa Paraschiva ta zura sandarta cikin ramin da aka haƙa a bayan lambu. Ta zaro, ta sake zurawa a wata kusurwar. Ko'ina iyakar gwiwa ne. 

Shekara arba'in ta yi tana auren magini kafin ya rasu, don haka ba sai an faɗa mata ba. A ƙasar laka irin ta ƙauyensu, harsashin ginin da bai kai ƙugu ba, sanyin hunturu yakan shiga ƙarƙashinsa ya daskarar da ƙasar, ta ɗaga shi, bango ya tsage. Kuma a kan wannan ramin za a gina ɗakin da ɗanta Costel ya ce ta koma, saboda matarsa na so a gyara babban gidan kafin su dawo daga Italiya.

"Gavrila!" ta ƙwala wa maginin kira. A hannun mijinta ya koyi aiki, yau ga shi da furfura. "Zo nan, mai kunnen ƙashi. Wannan harsashi ne ko kwalbati?"

Ya taho yana goge hannu a wando. "Haba Inna, da sassafe?"

"Wa ya koya maka haka? Ba dai mai gidana ba."

"Ni abin da aka ce in yi nake yi."

Ta nuna gaban gida da sanda, inda aka haƙa na garejin mota, mai zurfi, an jera rodi kamar haƙarƙari. "Wancan fa?"

"Mota na da nauyi, Inna."

"Ni kuma ba ni da shi."

Gavrila bai yi dariya ba.

* * *

Da rana Costel ya bugo waya. Ta daɗe tana shirya maganar a ranta, tana tsoron kada ya ce ta cika ƙorafi, ya daina kira.

"Ɗana, ramin nan bai yi zurfi ba."

"Mama, ɗaki ɗaya ne fa, ba coci ba. Kankaren da ya rage daga gareji zai isa. Gavrila ya san aikinsa."

"Ubanka da ya gani..."

"Mama, ana kira na. Kin sha maganinki?"

Ƙauyen na da irin waɗannan 'ya'yan da yawa a ƙasashen waje. Suna turo firji da tayil, su gina bene uku da ba mai kwana a ciki, uwa kuwa a auna mata abin da ya saura.

* * *

Washegari motar kankare ta iso tana gurnani. Bisa al'ada aka miƙo mata reshen ɗoɗɗoya ta jefa a kusurwar gabas, don mai ɗakin ya daɗe a cikinsa. Ta jefa. Kankare ya malalo ya rufe.

Ta kawo wa ma'aikata burodi da cuku, sannan ta ja Gavrila gefe.

"Kada ka yi mini ƙarya. Hunturu nawa zai ɗauka?"

Ya dubi takalminsa. "Uku. In sanyi bai yi tsanani ba, huɗu."

"Ka faɗa wa Costel?"

"Na faɗa masa."

"Ya ce me?"

"Ya ce... ya isa."

Ta gyaɗa kai, ta gyara ɗaurin kallabinta.

Da yamma ta ɗauki dashen tuffar da ta roƙo don ta shuka a ƙofar sabon ɗakin, ta mayar wa maƙwabciyarta, ta karɓo irin albasa. Ita tuffa sai ta shekara biyar kafin ta yi 'ya'ya.